Layinsa Ne Ke Kaucewa

Na ga saƙonninku, 'yan uwa. Masu cewa "ki buɗe baki ki faɗa masa mana" na gani, masu zagina wai ina wulaƙanta bawan Allah Likita su ma na gani, har da baiwar Allahn nan da ta ce in ba na so in tura mata lambarsa. Ban amsa wa kowa ba saboda kwanakin nan ko waya ba na son gani. Yau dai na daure. Wanda yau ya fara shigowa ya gyara zama, zan ɗauko masa daga inda zai gane.

Ni injiniya ce, amma ba irin wadda ake ɗauka hoto da hular kwano a gaban dogon bene ba. Aikina duk a ƙarƙashin ƙasa yake. Kafin a shimfiɗa sabon titi, mu ne muke zana abin da za a binne a cikinsa: bututun ruwan sha, bututun da ke kwashe ruwan datti daga gidaje, da wanda ake zura wayoyin lantarki a ciki. A kwamfuta muke yi, cikin wata manhaja da ke nuna maka cikin ƙasa kamar an yanka burodi. Ka juya shi, ka leƙa ta ƙasa, ka bi bututu ɗaya tun daga farkonsa har inda ya ƙare. Rabona shi ne na ruwan datti, shi ya sa in Yayana yana son tsokanata yake kirana injiniyar kwata.

Kowa da zanensa, kowa da launinsa. Nawa ruwan ƙasa ne, na ruwan sha shuɗi, na wuta ruwan ɗorawa. Ana haɗa su wuri ɗaya, a danna wani maɓalli, manhajar ta bi ta duba. Duk inda bututu biyu suka shiga jikin juna sai wurin ya yi ja, saƙo kuma ya tafi wa masu bututun. Karo muke ce masa. Akwai kuma ƙa'ida guda da ko ɗalibi ya sani. Ruwan datti ba famfo ke tura shi ba, gangare yake bi. In ka ɗaga bututuna ko da faɗin tafin hannu ne, ruwan zai tsaya, ko ya juya ya koma banɗakin mutane. Waya kuwa ba ruwanta da hawa ko sauka, duk inda ka lanƙwasa ta wuta za ta bi. Saboda haka in aka yi karo tsakanina da mai wuta, ni ba na motsi, shi ne zai kauce.

Mai wutar nan shi ne ciwona. Lantarki ake ce masa a ofis, har mai gadi, duk da ban taɓa ganin mutum marar zafi irinsa ba. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge, maɓallin hannu a rufe ko ana zuba zafi. Teburinsa na bayan katangar katakon da ta raba mu, in na ɗaga kai saman kansa kawai nake hange.

Farkon zuwana karonmu na gaskiya ne. Sai ya jawo kujerarsa ya zagayo, kofin shayi biyu a hannu, ya ce, "Injiniya, mun sake karo." Mu juya zanen, ya nuna min inda zai nutsar da layinsa ya wuce, mu gama nan da nan, shayi kuma bai ƙare ba, sai hira. Daga baya na fara lura da wani abu. Ja yana fitowa a wuraren da ko motar yashi za ta wuce tsakaninmu ba ta gogi kowa ba. Layinsa zai taho a miƙe abinsa, sai kawai ya karkato ba gaira ba dalili ya zunguri nawa. Na gane, shi ma ya san na gane, amma babu wanda ya ce uffan. Oga ya yi ta faɗa a taro, wai babban injiniya yana kuskuren yara. Shi dai ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Oga, zan gyara." Ni kuwa in toshe baki da gefen mayafi, raina fes.

A haka na san mahaifiyarsa na fama da ciwon ƙafa, na san ba ya cin albasa, na san babba da shi yana tsoron kare. Shi ma ya san ranar da Abbanmu ya rasu, in ta zagayo ba ya kawo hira, shayin kawai yake ajiye min ya wuce. Zafi ya tafi, sanyi ya zo ya tafi, wani zafin ya dawo. Kalmar nan guda da ake jira ita ce dai bai taɓa furtawa ba. Ina son sa. Ga shi na rubuta muku ƙarara, tunda shi ban iya faɗa masa ba.

Ana cikin haka Likitan Haƙori ya shigo, abokin Yayana ne. Kada ku ce zan kushe shi, ba shi da makusa. Yana da fara'a, yana girmama Umma, in ya zo gaishe ta har ƙasa yake kaiwa. Aibinsa ɗaya, in kina magana bakinki yake kallo ba idonki ba, sai in riƙa jin kamar yanzu zai ce in ƙara buɗewa. Shi ba ya kwana-kwana, zuwansa na farko ya ce aure ne ya kawo shi. Kullum da safe saƙonsa ne ke tashina: "Barka da safiya, amaryata in Allah Ya yarda. Kin karya?" Ni kuma in rubuta, "Lafiya lau, na gode," in kife wayar.

Farkon makon da ya wuce ya yi min abin da ban zata ba. Ana dab da tashi sai ga shi a ofishinmu, farar riga ƙal, turarensa ya riga shi shigowa, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya bi tebur-tebur yana gaisawa. Da ya zo kan Lantarki ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ku ne abokan aikinta? To ku fara shiri, kun kusa shan biki."

Na kalli Lantarki ina jiran in ga ko girarsa ta motsa. Murmushi ya yi, ya ce, "Allah Ya sanya alheri." Har ƙofa ya raka mu, shi ya riƙe mana ita muka fita.

Ranar Alhamis da safe na gama shiri, doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, ina ta fama da ɗan kunne ɗaya a gaban madubi, Umma ta ƙwala min kira. Na same ta a bakin gado, ƙafafunta a kan ƙaramin filo, kwalin maganin hawan jini da kofin ruwa a kan durowa, labulen nan mai furanni ko ɗage shi ba a yi ba. Yaya na tsaye jikin ƙofa yana kaɗa makullin mota. Da na ga bai zauna ba na san ba ƙalau ba.

"Injiniyar kwata," ya ce, amma babu wasa a muryarsa. "Kawun Likita ya kira ni jiya. Na rasa abin da zan ce wa dattijo. Mutum ya yi ta zarya gidan nan, ke ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba. Mu fa ba mutanen banza ba ne."

"Yaya, ai na ce a ba ni lokaci."

"An ba ki, har ya yi miki yawa. Ni ba zan miki dole ba, Abba bai yi wa kowa ba. In akwai wani, faɗi sunansa yanzu in neme shi, in ba Likita haƙuri da bakina. Akwai?"

Wallahi sunan ya zo har kan harshena. To in ce me? In ce akwai wani da yake karkato da layin wuta yana zungurar bututuna? Na san Yaya, tambaya biyu zai min: ya ce yana son ki? Ya ce zai turo? Na sunkuyar da kai ina murza ɗan kunnen da ke hannuna.

"Ke 'yar nan, dube ni," in ji Umma. Na ɗago. "Ba korar ki nake yi ba, ɗakinki naki ne. Amma jikin nan nawa kina gani, yau gida gobe asibiti. So nake in ga inda kika zauna da idona. In wani ne a ranki ki gaya masa ya fito. Mai so ai fitowa yake yi."

"Zan kira ki kafin ki tashi daga aiki," Yaya ya ce yana buɗe ƙofa. "Ko suna, ko amsa. Yau zan sallami dattijon nan."

A cikin mota na yi ta lallashin kaina. Ranar ce za a yi duba na ƙarshe kafin a miƙa zanen ga ɗan kwangila, kuma na san na bar ja birjik tsakanina da Lantarki. Dole ya zagayo da shayi. Na ce in ya zauna zan gaya masa halin da nake ciki, in ga abin da zai fito daga bakinsa.

Na kunna kwamfuta, na buɗe zanen, na danna maɓallin dubawa. 'Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, sannan ta tsaya ta rubuta min babu karo. Na ja tsaki na ce manhaja ta rikice, na sake dannawa. Babu karo. Na juya zanen na leƙa ta ƙasa. A gefen titin da muke tare, inda ruwan ɗorawa ke bin ruwan ƙasa kafaɗa da kafaɗa, bututuna ne kaɗai kwance. Layinsa gaba ɗaya, tun daga shataletale har gada, ya kwashe shi ya mayar tsallaken titi. Aikin kwana da kwanaki ne, kuma tsaf, babu inda za ka sa yatsa ka ce ga kuskure.

Oga ya fito daga ofishinsa yana tafi. "Jama'a, ku zo ku ga aiki! Tunda muka fara titin nan ban taɓa ganin allo babu ja ba. Injiniya, yau kin huta da wannan bawan Allah!"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, har da gyaɗa kai.

A ɗakin buga zane na ritsa shi. Ƙaramin ɗaki ne marar taga, babban injin yana ta fitar da takarda mai faɗin tabarma, shi kuma yana tsaye yana tare ta kada ta taɓa ƙasa. Na turo ƙofa na jingina da ita.

"Na ga ka share komai."

"Oga ya daɗe yana so, Injiniya."

"Ban tambaye ka Oga ba."

Bai dube ni ba. "Wancan gefen ya fi fili. Tun farko can ya kamata in bi."

"Tun farko ka san da filin?"

Ya gyara riƙon takardar, injin na ta ƙara. Can ya ce, "Na sani."

Ku ji fa. Wannan ita ce magana mafi kusa da so da ya taɓa yi min, kuma a ranar da ya kwashe kayansa ya yi ta.

"To me ya canza?"

"Likitan nan mutumin kirki ne. Na ga yadda yake kallon ki."

"Haƙorana yake kallo!"

Ya yi 'yar dariya, ta mutu nan take. "Ya riga ni, Injiniya. Mutum ya bi ta ƙofa, ya ga manya, ya yi abin da ya kamata. Ba kyau in shiga gabansa."

"Ya riga ka ne don kai ba ka tashi ba." Na matsa kusa da shi. "Yau Yayana yake son amsa. Ya ce in akwai wani in faɗi sunansa. Yau, kafin a tashi."

Na ga hannunsa ya matse gefen takardar har ta tattare. Na ce shi ke nan, yanzu zai faɗa. Ya sassauta hannun, ya shafa wurin yana miƙar da shi a hankali.

"Allah Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri."

Ban taɓa tsanar addu'a ba sai ranar, Allah Ya yafe min. Na buɗe ƙofa na fita, ko amin ban ce ba.

Na san abin da za ku ce: ke ma ai kina da baki. Gaskiya ne, akwai kunya, akwai kuma girman kai, ba zan musa ba. Amma ba su kaɗai ba ne. Halin nan nasa na kaucewa shi ne ya fara sa ni son sa, don ban taɓa zama da namijin da ba ya ja-in-ja a kan komai ba. To amma wanda zan kai sunansa gaban Yaya, dole ya iya tsayawa gaban Yaya. Sau ɗaya kawai nake so in ga ya kafe ƙafa ya ce nan zan bi.

Da rana ban ci komai ba. Wayata na kan tebur tana ta haske. Likita ya rubuto: "Yayanki ya ce yau zan ji. Na sallami marasa lafiya da wuri, hannuna rawa yake, kada in cire wa wani haƙori mai lafiya." Tausayinsa ya kama ni, na kife wayar. Umma ta turo saƙon murya, na kara a kunne, numfashinta na ji ya fi maganar yawa: "Kin dai ci abinci ko?" Na Yaya kalma biyu ne: "Ina jira."

Da rana ta fara sanyi na yi abin da injiniya mai hankali ba ta yi. Na kama babban bututuna, wanda ba ya motsi don kowa, na ja shi na tsallaka titi da shi na kwantar a kan layinsa. Manhajar ta yi ta jefo min gargaɗi, gangare ya lalace, ruwa ba zai gudu ba, kin tabbata? Na danna na tabbata. Na danna dubawa. Allon ya yi ja tun daga shataletale har gada. Akwai ɗan akwatin da ake rubuta bayani a kan kowane karo, kullum "a duba" kawai muke sawa. Na rubuta masa: "Ni na zo da kaina. Kada ka kauce. Zagayo ka ba ni abin da zan faɗa wa Yayana."

Na tura. Ina ji kwamfutarsa ta yi 'yar ƙara a bayan katanga.

Na gyara mayafi, na goge fuska da bayan hannu, na matsar da jakata daga inda yake ajiye kujera. Saman kansa bai motsa ba. An daɗe a haka. Ƙarar jan kujera nake jira. Abin da na ji shi ne ƙarar linzamin kwamfutarsa, ƙas, ƙas, ƙas.

A kan idona jan ya fara raguwa. Wuri ɗaya ya ɓace, na kusa da shi ya bi. Ina kallon layin nan ruwan ɗorawa yana nutsawa ƙarƙashin bututuna, yana lanƙwasa a hankali, yana barin tazara daidai yadda ƙa'ida ta ce. Ko cikin wannan halin aikinsa mai kyau ne. Na zauna ina kallo kamar wadda aka ɗaure, har ja na ƙarshe ya mutu. Sai amsarsa ta fito a ƙarƙashin tawa.

"An gyara. Ki mayar da naki kafin Oga ya gani, gangaren ya lalace."

Na karanta, na sake karantawa. Hawayen da na riƙe tun safe ya zubo, na bar shi. Na kama bututuna na mayar da shi inda yake, na duba gangarensa gaɓa-gaɓa, don mutanen da za su zauna a titin nan ba su yi min laifin komai ba.

Ina gamawa wayar ta fara ruri. Yaya. Da can in zan amsa kiran gida baranda nake fita. Ranar ban tashi ba. Ofis ya yi tsit, wasu sun fara haɗa jaka, katangar da ke tsakaninmu kuwa ko tari ba ta tarewa.

"Ina jin ki," Yaya ya ce. "Akwai suna?"

Na ɗaga kai na kalli saman kan nan. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, har sai da Yaya ya ce, "Kina ji na kuwa?"

"Ina ji, Yaya." Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Babu suna. Ka ce wa kawun Likita na amince."

"Alhamdu lillahi! Bari in gaya wa Umma, yau za ta yi barci."

Ya kashe. Ban sauke wayar daga kunnena ba. A bayan katanga ƙarar linzamin ta tsaya cak. Na kasa kunne, 'yan uwa, ina rantsuwa a raina ko yanzu ya miƙe zan kira Yaya in ce na fasa, a yi duk abin da za a yi.

Sai na ji ƙas, ƙas. Ya ci gaba da aikinsa.